WANE INJI YA DACE DA GONAR ƘUNGIYA?

Jawabin da shugaban kwamitin gona ya gabatar a babban taron ƙungiyarmu na watan Agusta, a unguwar Ɗan Iya, Bauchi. Mun buga shi yadda aka gabatar, domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.



  Wannan jawabi na mutum biyar ne da kuka naɗa a taron da ya wuce, kuka ce mu je mu duba wane irin inji ya kamata a saya domin yankan ciyawa a gonar ƙungiya da ke kan hanyar Jos, gaba da Miri. Mun je, mun gani, mun tambayi masu sani, ga kuma abin da muka samo. Ku yi mana haƙuri in maganar ta ɗan yi tsawo, kuɗin da ake shirin kashewa gumin kowa ne a cikinmu.

Abin da ya kawo maganar

Kowa ya san abin da ya faru bara a cikin Disamba. Wuta ta taso daga dajin yamma da tsakar rana, iskar hunturu tana bayanta, ta sami ciyawa ta kai ƙirjin mutum ta bushe ƙayau. Kafin maigadi ya tara mutanen ƙauye, ta cinye dashen mangwaro da kashu 112 daga cikin 300 da muka dasa. Waɗansu daga cikinsu shekara huɗu muna ba su ruwa da jarka. Da an yanke ciyawar nan tun Oktoba, da wutar ba ta sami abin ci ba.

Kafin wannan, a cikin Satumba, maciji ya sari ɗaya daga cikin yaran da muka ɗauka yanka da lauje, a hannu. Allah Ya sa an kai shi asibiti da wuri aka sami allurar dafi, ya tashi, amma kun ji abin da ma'aji ya karanta na kuɗin magani. Kububuwa dama wurin duwatsu da ciyawa take so. Yawan saranta a wannan yanki namu shi ya sa ake da asibitin saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Mai yanka da lauje kuwa, hannunsa ne a gindin ciyawa tun safe har azahar.

Sa'an nan mu faɗa wa juna gaskiya game da gayya. Farkon sayen gonar nan, in aka yi shelar aikin gayya ran Lahadi, mutum arba'in kan fito. Gayyar ƙarshe da muka kira, mutum tara suka zo, huɗu daga cikinsu sun haura shekara sittin. Ba mu zargin kowa, kasuwa ta yi wuya, kowa yana tsoron rufe shago. Amma ciyawa ba ta jiran kasuwa ta gyaru.

Ƙasar nan daban take da wadda iyayenmu suka baro

Yawancinmu nan, in ba mu ba to iyayenmu ko kakanninmu, daga Kano, Katsina, Zariya, Daura ko Haɗeja fatauci ya kawo su Bauchi. Can akasari ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, sai ka tsaya a bakin gona ka hango ƙarshenta. Da wannan ido muke kallon gona har yau. Bauchi kuwa ƙasar duwatsu ce, duk ƙofar da ka fita dutse ne zai tare ka, daga na cikin gari har Zaranda, har duwatsun Dass. Gerawa da Jarawa da Fulanin da muke maƙwabtaka da su a gonar sun daɗe da sanin inda garma take shiga da inda sai fartanya. Mu ne muka zo da tunanin jigawa muka ɗora a kan dutse.

Saboda haka kafin mu tambayi farashin kowane inji, sai da muka taka gonar ƙafa da ƙafa har sau uku. Girmanta hekta 8 ne, watau kusan eka 20, kuma ta kasu uku.

Kashi na farko shi ne kwari, wajen hekta 3. Nan ƙasa a kwance take, saura ce shekara biyu ba a nome ta ba, tafasa da sabara da tofa sun rufe ta. Akwai suri bakwai, kututture goma sha ɗaya, tsohuwar rijiya guda wadda ba a rufe ba, da ɗan kwazazzabo a gefen kudu.

Kashi na biyu shi ne gangare, shi ma wajen hekta 3, inda dashenmu yake. Kyasuwa ce ta fi yawa a wurin. A ƙarƙashinta akwai duwatsu, waɗansu kamar tulu, waɗansu kansu kawai ya leƙo, jikinsu yana binne.

Kashi na uku shi ne saman dutse, hekta 2. Fa ne da manyan duwatsu, gamba tana tsirowa a tsakaninsu, ga ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi.

Mun kuma auna tsananin gangaren, kuma kowa zai iya yin irin wannan awo a gonarsa. Ka sami sanda miƙaƙƙiya mai tsawon ƙafa 4. Ka kafa baki ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya bakin har sandar ta daidaita, ka ɗora kwalbar ruwa a kwance a kanta don ka tabbatar ba ta karkace ba. Sai ka auna daga bakin da ke sama zuwa ƙasa. In ya kai ƙafa 1, gangaren ya kai kusan digiri 14. Wannan lamba tana da muhimmanci, domin masu ƙera injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa sukan rubuta a littafin injin cewa kada a hau gangaren da ya wuce digiri 15. A kwarinmu tazarar ba ta wuce inci 4 ba. A gangare mun sami ƙafa 1, a waɗansu wurare ƙafa ɗaya da rabi, watau kimanin digiri 20.

Injin turawa da injin hawa

Mu fara da waɗanda muka ajiye gefe. Akwai injin turawa mai taya huɗu, irin wanda kuke gani a gidajen Ji'ar'e da harabar bankuna. Asalinsa daga Ingila ne, wani mutum Edwin Budding ya ƙera na farko a 1830, domin filayen wasa da farfajiyar gidajen masu hali. Har yau don irin wannan wuri ake yin sa: gajeriyar ciyawa, ƙasa sumul. Faɗin yankansa kamar rabin mita ne. In kun yi lissafi, kafin mutum ya gama hekta ɗaya sai ya yi tafiyar kilomita 20 yana turawa. Hekta 8 kilomita 160 ke nan, ya fi nisan Bauchi zuwa Jos. Kuma kyasuwar da ta kai ƙugu shaƙe shi take yi nan take. In wuƙarsa ta daki dutse, sandar injin takan lanƙwashe, gyaranta kuwa kusan kuɗin sabo ne.

Injin hawa shi ne wanda waɗansu ƙannenmu suka kawo hotonsa a waya. Abin sha'awa ne ƙwarai, mutum yana zaune kamar a mota. Akwai ma wani iri da ke juyawa a inda yake tsaye, wanda ya iya kewaya itatuwa. Amma wannan irin, tayoyin baya ne kaɗai ke riƙe da shi, na gaba sake suke kamar na kujerar ofis, saboda haka a gangare mai raɓa sulɓewa yake yi ba ya jin linzami. Cikinsa a ƙasa yake, ba zai tsallake dutse mai girman tulu ba. Belinsa ko wuƙarsa in ta lalace, sai an aika Legas ko ƙasar waje. Mu 'yan kasuwa ne, mun san abin da dala ta zama tun da aka saki naira a Yunin 2023.

Maganar tarakta

Wannan ita ce maganar da ta fi zafi a taron da ya wuce. Da yawa daga cikin iyayenmu suna ganin ƙungiya kamar tamu ta isa ta mallaki tarakta, ko da ta hannu ce. Mun fahimci dalilinsu. A garin nan aka taɓa harhaɗa tarakta da manyan motoci a kamfanin Steyr, wanda aka kafa tare da mutanen ƙasar Ostiriya a shekarun 1970, kuma waɗanda suka ga wancan zamani suna da wannan buri a zuci.

Gaskiya ne a fili kwance babu kamar tarakta. Silasha mai faɗin mita ɗaya da rabi, in tarakta tana tafiyar kilomita 5 a awa, a lissafin takarda tana share kashi uku cikin huɗu na hekta a awa guda. In an cire juyawa da kauce-kauce, a ce rabin hekta. Ke nan kwarinmu aikin awa shida ne ko bakwai, wuni ɗaya. To jama'a, wane ɗan kasuwa ne zai sayi tirela domin kayan da yake ɗauka sau ɗaya a shekara? Ga direba, ga man gas, ga taya, ga batir, ga wurin ajiya da mai gadinta.

A gangare kuwa tarakta haɗari ce, kuma a nan dole mu amsa laifinmu a gabanku. Shekara biyu da suka wuce mun ɗauko hayar tarakta da silasha. Direban ya gama kwari, ya dubi gangare ya ce ba zai hau ba. Mu muka matsa masa, muka ce kuɗin wuni muka biya. Bai yi mita hamsin ba wuƙa ta daki dutsen da ciyawa ta rufe. Wuƙar ta karye, ɓallin dutse ya tashi ya huda kwanon ɗakin maigadi, alhali jikokinsa biyu suna zaune a ƙofar ɗakin. Daga asusunku muka biya kuɗin wuƙar. Direban shi ne mai gaskiya, mu ne muka yi kuskure. Daga baya masana suka gaya mana cewa tarakta in ta ɗaga kai a tudu, cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba take kifewa ta baya, direba ba ya samun damar taka kulochi. Yawancin tsofaffin taraktocin da ke yawo a nan kuma ba su da ƙarfen kariya a saman kujerar direba.

Mun kuma sami labarin wata ƙaramar tarakta mai taya biyu wadda mutum ke bi a baya, da wuƙa mai haƙora kamar almakashin aski a gaba. Manoman tsaunukan Italiya da Suwizalan da ita suke yankan ciyawar dabbobi, domin tana kwantar da ciyawa ba ta daddatsa ta. Don harawa babu kamarta. Sai dai haƙoranta ba sa shiri da tsakuwa, kuma duk zagayen da muka yi a Muda Lawal da Wunti, har Sabon Gari da Ƙofar Ruwa a Kano, ba mu ci karo da mai ajiye kayan gyaranta ba.

Feshi da wuta

Wani zai ce, ina ruwanmu da inji, a sayo maganin feshi a kashe ciyawar. Dalili uku suka hana mu. Na ɗaya, ciyawar da feshi ya kashe tana nan tsaye a bushe, ke nan mun shirya wa wuta abinci da hannunmu. Na biyu, saiwar ciyawa ce ke riƙe da ƙasar gangare. Ruwan da ke sauka a Bauchi yakan kai milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta. In aka tsiraita gangaren, damina biyu sun isa ruwa ya kwashe ƙasar ya bar mana fa, kwazazzabon kudu kuma ya ci kwarin. Na uku, maganin in iska ta kai shi kan dashe ƙonawa yake yi, kuma irin mai sinadarin farakwat guba ne wanda ba shi da makari in ya shiga cikin mutum, shi ya sa ƙasashen Turai suka hana shi tun 2007. Ga dabbobin maƙwabtanmu Fulani suna ratsawa ta wurin.

Ƙonawa da gangan kuwa, mun riga mun ga aikin wuta, ba ma bukatar ƙarin bayani.

Injin rataye

Abin da ya rage shi ne injin da ake rataye wa a kafaɗa, mai doguwar sanda da wuƙa mai juyawa a baki. Shi ba ruwansa da taya, duk inda ƙafar mutum za ta tsaya, zai yi aiki. Mai yanka yana tsaye, tsakaninsa da gindin ciyawa ya fi mita guda, ga takalmin roba mai tsawo a ƙafarsa. Da yake gani ya kori ji, mun ari guda muka gwada a gangaren. Yaro ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar tare da hutu, ya share kusan eka guda, ya sha fetur wajen lita 5. Da lauje wannan aikin mutum biyar ne ko shida. In muna da inji biyu, gangaren duka aikin kwana huɗu ne.

Baki biyu ake sa masa. Akwai igiyar nailan, wadda wani Ba'amurke George Ballas ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970. Ita ce ta kusa da duwatsu, in ta daki dutse ita ke cinyewa, injin bai ji komai ba. Akwai kuma wuƙar ƙarfe mai baki uku, ita ce ta kyasuwa da gamba da ƙananan sabara. Wuƙar tana juyawa ne ta yadda in mai yanka ya ɗauko daga dama zuwa hagu, ciyawar tana zubewa a jere a hagunsa. Wannan ya kawo mu ga ribar da ba mu lissafa da ita ba tun farko. Silashar tarakta niƙe ciyawa take yi. Injin rataye kuwa yankewa yake yi daga gindi, ana iya shanyawa a ɗaure. Kyasuwar da aka yanka tana fara fure, a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, ta fi wadda ta bushe a tsaye amfani ga dabba nesa ba kusa ba. Masu turka raguna da shanu a cikinmu sun san kuɗin damin ciyawa a watan Maris da Afrilu.

Game da girma, masu cc 25 zuwa 30 na gyaran gefen gida ne. Namu aiki yana son mai cc 40 ko kusa da haka, mai miƙaƙƙiyar sanda da hannu biyu kamar na keke. Wanda muka gani na wannan aji akwai Husqvarna 143R-II na kamfanin ƙasar Suwidin, da Stihl FS 250 na kamfanin Jamus. Waɗannan fetur ɗinsu gauraya ake yi da mai, kamar ƙaramin janareton nan na shago. Akwai kuma masu injin Honda GX35, wanda fetur zalla yake sha, bakin mai a ma'ajinsa daban. Ya fi shiru, ya fi tsimin fetur, amma ƙarfinsa bai kai na biyun farko ba a ciyawa mai kauri. Tsimin fetur ba ƙaramin abu ba ne: kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000.

Inda muka saɓa a kwamiti

Ba za mu ɓoye muku ba, kanmu bai haɗu a kan abu ɗaya ba. Kasuwa cike take da injin rataye marasa tsada daga Sin, kuma kuɗin na asali guda ɗaya zai sayi irinsu uku ko huɗu. Mutum biyu a cikinmu suna ganin a sayi masu araha guda huɗu. Hujjarsu ita ce kayan gyaransu suna ko'ina, kowane mai gyaran janareto zai buɗe su, in ɗaya ya mutu a cire kayansa a sa wa saura, kuma yara huɗu za su sami aiki maimakon biyu. Hujja ce mai ƙarfi, ba mu raina ta ba.

Mu uku kuma muna ganin a sayi na asali guda biyu. Lokacin yankan nan mako uku ne kacal, tsakanin ɗaukewar ruwa da bushewar ciyawa. Injin da ya tsaya a cikin waɗannan makonni ya jawo mana asarar shekara guda. Masu aiki da su da muka zanta da su sun ce masu arahar sun fi jijjiga hannu, kuma kan giyar da ke riƙe da wuƙa shi ke fara mutuwa in ana yawan dukan dutse, gonarmu kuwa dutse ce. Kayan taro kuma hannu da yawa ke taɓa shi, yana son mai jimiri. Araha ba ta ado. Amma hukunci naku ne, kowanne kuka zaɓa za mu aiwatar.

Ko wanne aka tsayar, a kula da jabu. Akwai masu araha da ake manna wa sunan manyan kamfanoni da launinsu. A saya wurin dila sananne, a duba lambar da ke jikin injin ta dace da ta kwali da ta rasit, a karɓi takardar garanti, a tayar da shi a gabanmu kafin kuɗi ya fita.

Shawarwarinmu

Na ɗaya, kada a sayi tarakta. A ɗauki hayarta wuni ɗaya a shekara domin kwari kaɗai. Kafin ta zo, a kafa doguwar sanda mai jan ƙyalle a kan kowane suri, kututture da dutse, a rufe tsohuwar rijiyar nan da kankare, kuma kada tarakta ta kusanci bakin kwazazzabo.

Na biyu, a sayi injin rataye domin gangare da kewayen gona.

Na uku, saman dutse a bar shi yadda yake. Gambar wurin a bar wa masu saƙar zana su yanka da lauje a raba, kamar yadda maƙwabta suka saba yi. Lauje da langalanga ba su yi ritaya ba. Ko a gangaren ma, kamu biyu kewaye da kowane dashe da hannu za a share, domin igiyar nailan tana saɓule ɓawon ƙaramin itace, in ta zagaye shi kuwa ya mutu.

Na huɗu, kafin ƙarshen Oktoba a share hanyar tare wuta mai faɗin mita 5 kewaye da gonar, a kwashe ciyawar da aka yanke daga kanta. Kewayen wajen mita 1,200 ne, ke nan abin da za a share ya ɗan haura rabin hekta, aikin wuni ɗaya ga inji biyu.

Na biyar, kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin da aka ware a ajiye shi domin fetur, mai, igiya, filogi da wuƙar canji. Inji ba tare da kuɗin ci da shi ba, kayan ado ne a sito.

Dokokin aiki

Wannan sashe na ƙannenmu ne da za su riƙe injin, ku buɗe kunne. Ba mai tayar da inji sai da gilashin ido ko garkuwar fuska, abin toshe kunne, safar hannu, dogon wando da takalmin roba mai tsawo. Kuɗin waɗannan yana cikin kuɗin inji, ba a raba su. Kada kowa, mutum ko dabba, ya matso kusa da mita 15 lokacin da wuƙa take juyawa, wannan ita ce tazarar da masu ƙera injin suka gindaya. A gangare a riƙa yanka a gicciye, ana farawa daga ƙasa ana hawa, kuma in mutum biyu ne kada ɗaya ya tsaya a ƙasan ɗaya. Wuƙar da ta tsage a jefar da ita, ba a kai ta walda. In ciyawa ta riga ta bushe, kada a sa wuƙar ƙarfe a cikin duwatsu, domin ƙarfe da dutse ƙyastu ne, injin da muka saya don hana gobara sai ya zama shi ya tayar da ita.

Gaurayen mai shi ne ran injin. Na asali, da man da aka yi dominsu, kashi 1 ne cikin 50, watau mililita 100 a lita 5 na fetur. Masu araha da yawa kashi 1 cikin 25 suke so. A bi abin da littafin injin ya faɗa, a auna da ma'auni, ban da ƙiyasin ido, ban da tsohon bakin man mota. A wanke matatar iska kullum, a sa giris a kan giya, in za a ajiye shi bayan kaka a juye fetur ɗin a bar injin ya ci sauran har ya mutu da kansa, don kada kabureta ta toshe.

Muna kuma ba da shawara makulli ya zauna hannun mutum ɗaya, da littafin da za a riƙa rubuta wanda ya ɗauka da ranar da ya dawo da shi. Babu aro don kunya, ko da kuwa ɗan kwamiti ne ko shugaba. Wanda yake so a share masa gona ko fili ya biya, yaranmu su je da kansu su yi aikin, a ba su ladansu, saura ya shiga asusun gyara. Maƙabarta da makarantar Islamiyyar unguwa kuwa, mu share su kyauta sau biyu a kowace damina.

Jama'a, yau muna tsakiyar Agusta. In aka yanke shawara yau, muna da wata guda na saye da koya wa yara kafin kyasuwa ta yi fure. Ba a fafe gora ranar tafiya. Dashe 188 ne suka tsira bara, a cikin kuɗin da aka dasa su akwai na zawarawa da marayun 'yan uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, amana ce a wuyanmu. Abu biyu muke roƙo a ɗaga hannu a kansu kafin a tashi: amincewa da shawarwarin nan biyar, sa'an nan zaɓi tsakanin na asali biyu da masu araha huɗu. Takardun farashin da muka karɓo daga Bauchi da Kano suna hannun magatakarda, kowa yana iya dubawa kafin a ƙirga hannuwa.

Muna godiya ga maigadin gona da mutanen ƙauyen da suka taimaka wajen kashe wutar bara, da wanda ya ba mu aron injinsa muka gwada. Inda muka yi kuskure a gafarce mu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga gobara da mugun ƙwaro, Ya ƙara haɗa kanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.